Rariya a rataye: yaya ake auna son mutum na tankaɗe magana?

Kawuna dillalin albasa ne. Ya fi shekara talatin yana kai da kawowa tsakanin Galmi, Tamaske da kasuwar Tawa, kuma ban taɓa jin wanda ya cuce shi a buhu ba. In aka kawo masa kaya, ba ya ko kallon manyan da aka jera a bakin buhu, ya san ado ne. Kwancewa yake yi, ya zura hannu har gwiwa, ya zaƙulo ta tsakiya, ya latsa wuyanta da babban yatsa, ya shinshina. Sannan ya tsare manomi da tambaya: yaushe aka cire ta, kwana nawa ta sha iska, a rudu aka ajiye ta ko a ƙasa, taki nawa ta ci, don wadda aka cika wa takin zamani ba ta jure hanyar Abijan. Ko an rantse masa sai ya duba. To wannan mutumin ne, wata rana da dare, ya turo mini saƙon murya ta WhatsApp, wai akwai wata lamba da in ta kira ka ka ɗauka jini zai tsinke maka ta kunne, a yi wa Allah a tura wa ƴan uwa. Bai san mai maganar ba, bai san garin da abin ya faru ba, kuma bai tambaya ba. Duk wanda ke cikin wayarsa ya samu.

Babu mai cewa Kawu ba shi da wayo. Rariyar da ya tankaɗe maganar manomi da ita da rana tana nan da dare, rataye ta kawai ya yi. Shi ne misali mafi kusa da na sani na wata matsala da ta daɗe tana wahalar da masana halayyar ɗan Adam da masu tsara jarrabawa: iya tantance magana abu ne, son yin hakan wani abu ne. Iyawa ana auna ta, ko da ba daidai-wa-daida ba. Hali fa, da wane mudu?

A lise ɗin da nake koyar da falsafa kullum sai na yi karo da wannan. Ɗan ajin ƙarshe mai shirin bak ya haddace tsarin disertasiyon tsaf: a kawo ra'ayi, a kawo kishiyarsa, a sasanta su. Ka ba shi jigo ka ba shi lokaci, zai jero maka hujjojin ɓangaren da bai yarda da shi ba, har da misalai. Ya yi ne don an ce ya yi, kuma maki na jiransa. Da yamma ka same shi a fada ana zuba shayi, wani ya kawo labarin da ya yi daidai da abin da yake so, sai ka ga ya haɗiye shi ko taunawa babu. Jarrabawa tana nuna iyakar abin da yaro zai iya in an tsaya a kansa. Abin da ya saba yi in an ƙyale shi ba ya fitowa a takardar maki, alhali shi ne zai bi shi gidan aure, kasuwa da wurin aiki.

Masana sun daɗe da lura da haka. John Dewey, masanin falsafa na Amurka, ya yi rubutu kan yadda ɗan Adam ke tunani tun 1910, kuma da ya sabunta aikin a 1933 ya nanata cewa sanin hanyoyin tunani bai isa ba sai an haɗa da hali: buɗaɗɗiyar zuciya, sa kai gaba ɗaya, da ɗaukar nauyin abin da ra'ayinka zai haifar. A 1941 Edward Glaser ya kasa tunani mai tantancewa gida uku, ya sa hali a gaba, kafin sanin hanyoyin da gwanintar aiki da su. Amma gwajin da ya yi suna da sunansa da na Goodwin Watson gwaninta yake aunawa. Halin ya zauna a gefe, don shi ne mai santsi.

Sai a ƙarshen shekarun 1980 ƙungiyar masana falsafa ta Amurka ta sa Peter Facione ya tattara ra'ayin masana 46, suka yi ta musaya zagaye bayan zagaye har suka fitar da rahoto a 1990. Daga wannan rahoton shi da Noreen Facione suka ƙera ma'aunin hali a 1992, wanda ke ɗauke da sunan jihar Kalifoniya. Jimloli 75 ne, kowace mutum zai faɗi yadda ya yarda da ita, daga yarda ƙwarai zuwa ƙin yarda sam, mataki shida, ba tsaka-tsakin da za a fake a ciki. Halaye bakwai ake nema: neman gaskiya ko da za ta saɓa wa abin da kake so, haƙurin sauraron ra'ayin da ba naka ba, hango matsala da neman dalili tun kafin a afka, bin abu daki-daki, amincewa da hankalinka, son sani, da dattako wajen yanke hukunci, wato sanin cewa wata matsalar amsarta ta fi ɗaya, wata kuma dole a yanke ta ba tare da tabbas ba. Kowane hali makinsa daga 10 zuwa 60 ne. Wanda ya kai 40 ana ɗauka ya karkata ga halin, wanda jimillarsa ta gaza 280 ana ɗauka rariyarsa ta fi zama a rataye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin sakamakon da suka wallafa a 1995, kan sabbin ɗaliban wata jami'a a Amurka, shi ne inda makin ya faɗi. Son sani ya yi sama, sauraron wasu ya yi sama, neman gaskiya ya zama kurar baya. Wato mutum yana jin daɗin sabon labari, yana iya barin ka ka faɗi naka bai tsinke ka ba, amma ya bi hujja har ta raba shi da abin da ya riƙa, nan ne ake jan ƙafa. Daga baya da suka haɗa makin hali da na gwaninta kuma, alaƙar da suka samu ba ta da ƙarfi. Akwai gwani marar niyya, akwai mai niyya marar gwaninta.

Sai dai wannan ma'auni, da ire-irensa kamar wanda John Cacioppo da Richard Petty suka fitar a 1982 don auna yadda mutum ke jin daɗin wahalar tunani, duka mutum suke tambaya game da kansa. Gwano kuwa ba ya jin warin jikinsa. Ka karanta wa Kawu jimlar da ke cewa ba ya karɓar magana sai ya bincika, zai ce ya yarda ƙwarai, kuma ba ƙarya ya yi ba, albasa ce a ransa. Ga kuma son a ce kai na kirki ne, cutar da ta addabi irin waɗannan takardu har Douglas Crowne da David Marlowe suka ƙera mata nata ma'aunin tun 1960. Wa zai zauna gaban baƙo ya ce shi ba ya son gaskiya? A ƙauyukan Adar an saba da masu zuwa da mota da takarda suna jero tambayoyi, an kuma san "e" ba ta ɓata wa baƙo rai, wataƙila ma ta jawo poroje. Masu ƙera ma'auni suna maganin wannan ta hanyar juya wasu jimlolin, yadda yarda da su zai rage maki. Dabara ce mai kyau ga mai karatu da kansa. Amma a karanta wa dattijo jimla mai "ba" biyu ko uku da baki, a ce ya zaɓi ɗaya cikin amsa shida, abin da za a samu gajiyarsa ce da kararsa.

Akwai wani tarko da ya fi wannan zurfi, kuma masu ma'aunin ne da kansu suka tona shi. Keith Stanovich da abokan aikinsa a Kanada sun shekara da shekaru suna amfani da wani jerin jimloli na auna buɗaɗɗen tunani, irin su ko ya kamata mutum ya duba hujjar da ta saɓa wa abin da ya gaskata, ko sauya ra'ayi alamar rauni ce. Bincike bayan bincike ya yi ta nuna masu riƙo da addini suna samun maki kaɗan, har wasu suka ɗauka magana ta ƙare. A 2019 Stanovich da Maggie Toplak suka koma kan jimlolin nasu, suka gano kalmar Ingilishi da suka yi amfani da ita, wato "belief", tana da fuska biyu. Wanda addini bai dame shi ba yana jin ta da ma'anar ra'ayin yau da kullum, kamar wane shago ya fi araha. Mai addini yana jin ta da ma'anar imaninsa, sai ya ce a'a, ba zai sake shi don wata sabuwar hujja ba. Da aka ware waɗannan jimloli, tazarar ta ragu ƙwarai. Ka ɗauko wannan ka kawo Tawa. In mai fassara ya sa "imani" ko "aƙida", zai tarar da gari guda ba mai buɗaɗɗen tunani. In ya sa "ra'ayi" ko "zato", garin nan ne dai zai ci jarrabawa. Kalma ɗaya ke nan, kuma a cikin harshe ɗaya aka yi wannan tuntuɓen, balle an ƙetara daga Ingilishi zuwa Faransanci zuwa Hausa. Wani ƙiyasi na 2008 ya nuna kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun ilimin halayya sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu masana'antu, waɗanda ke da kashi 12 kacal na mutanen duniya. Ba da jikinmu aka auna rigar ba.

Tunda tambayar mutum ba ta isa ba, wasu suka ce a ɗana masa tarko a ga ko zai tsaya. A 2005 Shane Frederick, yana koyarwa a jami'ar MIT ta Amurka, ya fitar da gwaji mai tambaya uku tak. Ta farko kan sandar wasa ce da ƙwallo da kuɗin Amurka, amma ga ta da kayanmu: buta da kofi sun tashi jika ɗaya da dala ashirin, butar ta fi kofin da jika ɗaya, nawa ne kuɗin kofi? Kafin a rufe baki amsa ta riga ta faɗo, dala ashirin. In kuwa kofi dala ashirin ne, buta ta zama jika da dala ashirin, su biyun jika da arba'in ke nan. Dala goma ne. Lissafin ɗan firamare ne, ba inda ya yi wuya. Abin da ake nema shi ne ko mutum zai ce wa amsar da ta faɗo masa "dakata tukuna". Cikin mutum 3,428 da Frederick ya gwada, yawancinsu ɗaliban jami'o'in Amurka, kashi 33 cikin ɗari ba su ci ko ɗaya ba, kashi 17 kaɗai suka ci ukun. A 2019 Gordon Pennycook da David Rand suka nuna masu cin irin waɗannan tambayoyi sun fi iya raba kanun labarin ƙarya da na gaskiya.

Ina son wannan gwajin don ba ya sauraron yabon kai. Amma aibinsa a fili yake. Wanda ya taɓa jin tambayar ya gama da ita har abada, kuma ta bazu a intanet. Sannan lissafi ne. Mai tebur a bakin tasha da ke juya dala da jika tun safe zai iya cafke amsar don sabo, malamin da ya ƙware a fiƙihu ya faɗi don bai saba da irin wannan wasan ba, kuma ba wanda ya isa ya ce ɗan teburin ya fi shi tantance magana.

Aikin da ya fi sauya mini yadda nake kallon ɗalibaina na David Perkins ne da Eileen Jay da Shari Tishman na jami'ar Habad. A 1993 suka ce abin da muke kira hali ƙafa uku gare shi: mutum ya lura cewa nan wurin tsayawa ne, ya so ya tsaya, ya kuma iya. Suka gwada haka da yaran makaranta. Ana ba yaro ɗan labari da aka ɓoye gurguwar shawara a ciki, wani ya yanke hukunci bai duba wata hanya ba, ko ya ji ɓangare ɗaya ya hau. Da farko a tambaye shi abin da ya gani, ba a nuna masa komai ba. Sannan a ja layi a ƙarƙashin wurin a ce ya sake dubawa. Daga ƙarshe a ce masa kai tsaye ya kawo wasu hanyoyin. Abin da suka tarar shi ne yara da yawa suna iyawa in an tambaye su, suna kuma yarda akwai matsala in an nuna musu, amma su gano wurin da kansu, nan ne aka fi zubewa. Da na karanta wannan sai na daina cewa ɗalibaina malalata ne. Sau da yawa ba su ƙi tsayawa ba, ba su ga alamar ba ne. Kawu ya san bakin buhu wurin zamba ne don an taɓa gwada masa. Muryar dattijo mai sallama da salati a cikin waya ba ta yi masa kama da bakin buhu ba.

Saura babban dutsen, wanda ya fi ƙarfin wayo da ilimi duka. Stanovich da Richard West sun taɓa raba ɗaliban Amurka gida biyu. Aka faɗa wa kashi na farko wata motar Jamus ta ninka sauran motoci sau takwas wajen kashe mutanen da ke cikin motar da ta yi karo da ita, shin a hana sayar da ita a Amurka? Kusan kashi 78 cikin ɗari suka ce a hana. Kashi na biyu aka ba su alƙaluman nan dai, amma motar Ford ce ta Amurka, shin Jamus ta hana ta? Kusan kashi 51 ne suka yarda. Hujja ɗaya, hukunci biyu, kuma masu babban maki a jarrabawar shiga jami'a ba su tsira daga wannan karkata ba. Mu da muka tashi da kokowa ba ma buƙatar a je Amurka. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a nan Tawa, ana yawan samun kayen da aka yi jayayya a kansa, kuma yanzu da hoton bidiyo ke yawo a waya, ka tsayar da shi a wuri ɗaya ka nuna wa ɗan Tawa da ɗan Doso, ɗaya zai rantse gwiwa ta taɓa ƙasa, ɗayan ya rantse ba ta taɓa ba. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. So ne, hana ganin laifi.

Wannan ba ilimin da Turawa suka fara ba ne, kuma nakan faɗa wa ɗalibai haka don kada su ɗauka tantancewa kayan aro ce. A 1377, a wata ganuwa da ke ƙasar Aljeriya ta yau, Ibn Khaldun ya zauna yana lissafa dalilan da ke sa ƙarya ta shiga labari, kuma abin da ya fara da shi ɓangaranci ne: zuciya in tana tsaka-tsaki takan bincika labari har gaskiyarsa ta fito, in kuwa ta riga ta karkata ga wani ra'ayi, da ta ji abin da ya dace da shi sai ta karɓa nan take. Kafin shi malaman hadisi sun gina ilimi guda a kan tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya riske shi kuwa, yaya haddarsa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ma umurni ce da a bincika labari kafin a afka wa mutane cikin rashin sani. Almajirin da ba zai karɓi hadisi ba sai ya ji wanda ya ruwaito shi, in ya karɓi labarin magani ko na siyasa ba tare da isnadi ba, ciwon Kawu ne ya same shi.

Yanzu ga inda nake ganin mai auna mutanenmu zai fi yin ɓarna in bai yi hattara ba. A 1931 da 1932 Aleksanda Luriya, masanin halayya na Tarayyar Sobiyet, ya je ƙauyukan Uzbekistan yana yi wa manoman da ba su yi boko ba tambayoyi. Ɗaya daga ciki ita ce: a can arewa mai nisa inda ƙanƙara take, duk dabbar beya fara ce, wuri kaza a can arewa yake, to beyar wurin wane launi gare ta? Da yawa suka ƙi amsawa, suka ce ba su taɓa zuwa ba, ba sa magana sai kan abin da suka gani, a tambayi wanda ya je. An rubuta wannan a matsayin gazawar bin ƙa'idar mandiƙi. Amma ka sake dubawa. Baƙo ya zo da labarin ƙasar da ba ka sani ba, ya ce ka ɗora hukunci a kai, ka ce sai ka gani. Gani ya kori ji. Ta wata fuskar manomin nan ya fi mai tura saƙon murya tankaɗe magana, wasan makaranta ne kawai bai yarda ya shiga ba.

A ajina abin da ke taka wannan rawar kunya ce. Nakan jefa kuskure da gangan cikin bayani, in ci gaba kamar ba komai, in ga wa zai tsayar da ni. Yawanci shiru. Da na ɗauki shirun a matsayin sakamako da na yanke cewa ba mai lura. Sai wata rana na ce kowa ya yago ƴar takarda, ba suna, ya rubuta in akwai abin da bai gamsu da shi ba. Takardu suka zo da kuskuren a rubuce, wasu har da gyara. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta biyo ni bayan an tashi, idonta a ƙasa, ta ce, "Mushe, a gafarce ni, kamar dai shekarar da kuka faɗa ba ita ce a kayenmu ba." Ta lura, ta so, ta iya. Abin da ya hana ta magana a aji tarbiyya ce: yaro ba ya gyara wa babba a gaban jama'a, mace ba ta gaba da namiji a baki, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Don haka nake ganin ƙafafun Perkins uku suna buƙatar ta huɗu a wurinmu, wato nawa maganar za ta ci wa mai yin ta. Duk ma'aunin da bai rage wannan farashin ba, ƙarfin hali yake aunawa, ko rashin kunya, ya kira shi tunani.

Juyin wannan ma yana ruɗi. Kowace fada tana da gwanin gardama, wanda ko cewa ka yi rana ta fito sai ya nemi hujja. Malaman falsafa sun saba raba esprit critique da esprit de critique, ƴar kalma mai harafi biyu ce tsakaninsu, amma ɗaya mai tantancewa ne, ɗayan mai kushe. A takardar tambayoyi gwanin gardama zai kwashe maki, ya yarda da hankalinsa, yana son dalili, ba ya bin jama'a. Ka lura da shi wata guda, ba za ka taɓa jin ya ce "ashe ni ne ban gane ba". Wanda ya ƙaryata komai bai fi wanda ya gaskata komai wahalar da kansa ba, dukansu sun huta da bincike.

Abin da nake yi yanzu, ba don na ƙera wani ma'auni ba sai don in san waɗanda ke gabana, ya ɗan yi kama da gwajin da Robert Ennis da Eric Weir suka fitar a 1985, inda ake ba ɗalibi wasiƙar wani mai karatu zuwa ga jarida kan hana ajiye motoci a titi da dare, a ce ya mayar da amsa sakin layi bayan sakin layi. Ni nakan rubuta gajeren saƙo irin na waya, da Hausa, kan abin da ya shafe su, farashin hatsi ko tafiya ci-rani, in cusa masa rami ɗaya ko biyu, ba na cewa a nemi kuskure, cewa nake yi wani ya turo maka wannan, me za ka mayar masa. Nakan yi shi kala biyu, rabin aji su sami wanda ya yabi namu, rabi su sami wanda ya yabi na wasu, ramin iri ɗaya. Ba a sa suna. Bayan mako in kawo wani bayani da ya rushe abin da yawancinsu suka zaɓa, in ga wa zai motsa. Ba maki nake bayarwa ba, don ranar da na sa maki a kai ranar zai koma disertasiyon. Aikin yana cin lokaci, ba ya ba da lamba ɗaya da za a rubuta gaban sunan yaro, kuma wanda ya yi kyau a zancen hatsi yana iya faɗuwa a zancen kokowa. Na daina ɗaukar wannan a matsayin aibin gwajin. Halin ne da kansa yake da unguwanni, inda yake kwana da inda ba ya leƙawa.

Kwana biyu bayan saƙon nan na je gaida Kawu a rumfarsa. Ba a ce wa kawu ya yi kuskure, sai na bi ta gefe. Na ce, "Kawu, kayan nan da kuka turo mini shekaranjiya, daga wace gona suka fito?" Ya gane, ya yi dariya har ya ajiye kofin shayi. Ya ce, "Kai ɗan boko. Albasa in ta ruɓe kuɗina ne. Wannan in ƙarya ce me na rasa? In gaskiya ce na ceci rai." Na yi shiru, don amsar ba ta wawa ba ce, lissafi ya yi, ya ga tankaɗen bai kai wahalarsa ba. Sai na faɗa masa cewa tun daren nan Inna ba ta ɗaukar kiran lambar da ba ta sani ba, kuma ɗansa da ke Abijan ya sauya layi, kwana biyu yana neman ta a kan kuɗin maganin da zai aiko. Kawu bai ce komai ba. Ya laluba aljihu ya ciro wayar, ya miƙa wa yaron shagonsa, ya ce ya duba masa wanda ya fara turo abin.